Katin Allurar Goggo

Laraba

Zuwa ga Goggona,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da marasa lafiyarki. Mu nan lafiya lau, alhamdulillahi. Baba da Umma suna gaishe ki. Mun fara jarrabawar gwaji; lissafi ya yi daɗi, sauran kuwa sai addu'a.

Kaka yana samun sauƙi. Ya koma teburinsa na bakin taga yana buɗe cikin agogunan mutane, duk da Baba ya hana shi. Agogonki na maƙalawa a riga, wanda kika bari bara, ya gyaru. Kullum da safe sai ya murɗa kansa ya yi masa wani, ya kara a kunne, alhali na san ba ya jin komai. Kunnen nan dai sai a hankali. Ya ce a daina miƙa masa waya, a riƙa rubuto masa, ni kuma in karanta masa da ƙarfi ta ɓangaren dama. Wasiƙarki ta ƙarshe sau uku na karanta. Da na zo inda kika ce hutunki zai fara sha biyar ga watan gobe, sai ya ce, “Uwargida, sake karanto wurin nan, kunnen hagu bai samu rabonsa ba.”

Goggo, akwai maganar da nake so in yi, kuma kin san ba na iya magana a waya, bakina ɗaurewa yake. Ranar Litinin ni da Umma muka raka Kaka wurin likitan ƙirji. An yi masa allurar rigakafin mura, wato babbar murar nan mai zuwa da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi lokacin sanyi. Likitan ya ce ga tsoho mai huhu irin na Kaka allurar tana taimakawa, amma ba ta isa ita kaɗai ba, sai waɗanda ke kewaye da shi su ma sun yi. Nan take aka yi min, aka yi wa Umma. Baba ya je washegari yana ta gunaguni. Likitan ya tambaya ko akwai wani da ke zuwa gidan ya kwana biyu. Na ce sai Goggona, amma ita babbar nas ce. Sai ya yi dariya ya ce, “To ita ma za ki fara tambaya.” Ban gane abin dariyar ba. Ya kuma ce allurar tana ɗaukar kamar mako biyu kafin ta fara tsare mutum.

Shi ne nake tambaya, ba don raini ba: Goggo, kin yi ta bana?

’Yarki

Asabar

Uwata ta kaina,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki, na ji daɗin lafiyar Baba, Kakanki. Ki ce masa kada ya yi wa agogona wani har ya tsinke. Rubutunki ya yi kyau, sai dai na lura kin zama likita tun ba ki gama sakandare ba. Sannu da aiki, Dakta.

Saurara ki ji. Shekarata ashirin da uku a ɗakin masu ciwon ƙirji. Tarin da aka yi min a fuska, da ana tara shi da ya cika tanki. Babu ƙwayar cutar da ba ta san ni ba. Mun saba, gaisawa muke a baranda kowa ya wuce. Ban taɓa fashin aiki saboda mura ba. In ta zo, in haɗiyi ƙwaya biyu, in ɗaure kaina, in shiga aiki. Mu ba ma kwanciya, mu ake kwanta wa.

Abin dariyar ma, ni aka ɗora wa yi wa ma'aikata allurar bana. Na kafa tebur a bakin ɗakin shan shayi, ga akwatin sanyi, ga katuna, ga hatimi. Mako guda na soka wa mutum arba'in da ɗaya, har da wani likita ƙato da ya rufe ido yana salati. ’Yan uwana nas-nas kuwa rabinsu da sun hango ni sai su canja hanya. Wannan ta ce tana shayarwa, waccan ta ce ta yi shekara uku da suka wuce, ai tana nan a jini. Ba na matsa musu. Ni kaina na taɓa yi shekara shida baya, na kwana biyu ina rawar ɗari. Allurar mura ta sa min mura! Tun daga ranar na ce mun rabu.

Wannan allura ta tsofaffi ce da masu ciki da masu raunin jiki. Baba ya yi, madalla, an gama magana. Ke dai ki riƙe littafinki, ki bar mana sirinji.

Goggonki

Laraba

Goggo,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, Kaka ma da sauƙi. Na karanta masa wasiƙarki, ya yi dariyar likita mai salati har sai da tari ya sarƙe shi na ɗauko masa abin shaƙarsa.

Na kai takardar bayanin da aka ba mu a asibiti wurin malamar kimiyyarmu, muka karanta tare. Ta ce allurar ba ta iya sa mura, domin babu ƙwayar cuta mai rai a cikinta. Tsamin hannu da ɗan zazzaɓin kwana ɗaya ko biyu jiki ne yake koyon faɗa. Ta ce ƙwayar cutar tana canja kama, shi ya sa ake sabunta allurar duk shekara. Kuma mutum yana iya yaɗa ta tun kafin ya san ta kama shi. Na san kin fi ni sanin duk wannan, Goggo. Kunya nake ji ina rubuta miki shi.

Amma akwai abin da ni na gani, ba a takarda ba. Bara kin iso ranar Juma'a da hankici a hannu, kika ce iskar mota ce. Kika zauna a bakin gadon Kaka kina yanke masa farce, kanki dab da nasa saboda ya ji ki. Ranar Litinin zazzaɓi ya rufe shi. Ranar Laraba aka sa masa robar iska a hanci. Kwana goma sha ɗaya ya yi a asibiti, ni nake riƙe masa kwanon da yake tofa majina. Rana ta huɗu ya kalle ni bai gane ni ba, ya kira ni Uwata, sunan da ke kike kira na da shi.

Ban ce ke ce ba. Ban sani ba, likita ma bai ce ba. Amma shekara guda ke nan babu wanda ya taɓa ta da maganar a gidan nan, kuma na san kowa ya ƙirga kwanakin kamar yadda na ƙirga. Baba tsoronki yake ji, ke ma kin sani. Umma kuwa ta ce surukuta ba ta ba ta baki ba.

To ni zan faɗa. Idan ba za ki yi allurar ba, ina roƙonki kada ki shiga ɗakin Kaka bana. Ni ke share ɗakin, ni ke ba shi magani. Zan ɗauko kujera in zauna a bakin ƙofa. Na rubuta wannan, kuma ba zan goge ba.

’Yarki

Asabar

Ke,

Na gani. Wato ni na kwantar da ubana. Ni da na kwana goma sha ɗaya a kan kujerar roba ina duba robar hancinsa, ni ce annobar da za a tare a bakin ƙofa. Ubanki a bayana ya yi wayo, yau ’yarsa ce take yanka min sharaɗin shiga gidan da aka haife ni. Da kyau. Makaranta ta yi rana.

Tunda takarda kike bauta wa, ga takarda nan na haɗo miki. Katin allura ne, da kwanan wata, da lambar kwalba, da hatimin asibiti. Ki kai wa malamar kimiyyarki ta sa masa albarka.

Ki karanta wa Baba wannan da ƙarfi: na yi allura, ina tafe ranar sha biyar. Ki kuma kawar da kujerarki daga hanya.

Goggonki

Laraba

Goggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Mu lafiya. Kaka ya ɗan yi tari jiya da safe amma ya lafa.

Ban ce ke annoba ce ba. Ki sake duba takardata, na ce ban sani ba. Kwanakin da kika yi a kan kujerar roba ina nan, na ga ƙafafunki sun kumbura. Ban manta ba.

Katin ya iso. Da na buɗe ambulan har na yi tsalle, na nufi ɗakin Kaka da gudu. A bakin ƙofa na sake duba shi, sai na tsaya.

Goggo, tun ina aji uku na firamare nake karanta wasiƙunki. Na san bakwai ɗinki mai ɗamara a tsakiya. A katin nan akwai bakwai guda uku, ɗaya a kwanan wata, biyu a lambar kwalba, kuma dukkansu da ɗamararsu. Koren biron da kika rubuta min faɗa da shi, shi ne a katin. A gurbin wanda ya yi allurar an yi wani jagwalgwalo, amma ya karkata hagu irin naki. Kuma ke da kanki kika gaya min katunan da hatimin suna kan teburinki.

Na daɗe a tsaye. Sannan na shiga, na karanta wa Kaka cewa kina tafe ranar sha biyar, na yi shiru. Ya ce, “Shi ke nan? Takarda mai nauyi haka?” Na ce akwai saura, amma ba zan karanta ba. Tunda nake ban taɓa ce masa haka ba. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, “Uwargida ta yi yaji ke nan. To ajiye min su a aljihun tebur.” Na ajiye, da wasiƙar da katin. Bai ƙara tambaya ba.

Kaka da bakina yake jin ki. Duk abin da na karanta masa yana ɗauka ke ce kike magana. Ba zan sa masa abin da nake shakka a kunne ba.

Wataƙila na yi kuskure. Wataƙila wata ce ta yi miki allurar, ke kika cike katin saboda sauri. Idan haka ne, ki rubuto min layi ɗaya, ki ce wallahi allurar ta shiga hannunki. Na san ba kya rantsuwa a kan ƙarya. Ranar da layin ya iso zan karanta masa shi a tsaye, in kuma durƙusa in nemi gafararki a gaban kowa idan kin zo. Idan bai iso ba, kujerata tana nan.

’Yarki

Asabar

Goggo,

Assalamu alaikum. Yau kwana goma ba mu ji daga gare ki ba. Sau uku ina zuwa tasha bayan makaranta, direban da ke kawo wasiƙunki yana juya min tafin hannu. Yau har ya ce, “’Yan mata, ko dai kin ɓata wa Sista rai ne? Ko gaisuwata ba ta amsawa.”

Baba ya ji labari, ban san ta ina ba. Ya kira ni falo ya ce, “Ke wace ce? Yayata da ta fi shekara ashirin tana aikin asibiti, ke za ki duba wa kati?” Ya ce in zauna in rubuta miki ban haƙuri yanzu-yanzu, ya ajiye min takarda da biro. Ita ce wannan takardar. Ki yi haƙuri da zafin da maganata ta yi miki, wannan da gaske nake. Amma ban janye ba. Na gaya wa Baba haka, ya ɗaga hannu, sai kuma ya sauke ya fita. Umma kuwa da na shiga kicin ta zuba min shayi a kofinta na baƙi.

Kaka ya sa na goge ɗakinki, ya sa na ɗaura wa agogonki sabon fil na maƙalawa. Kullum sai ya tambaye ni yau nawa ga wata, alhali kalanda tana gabansa. Ina tsoro, Goggo. Ina tsoron ki zo da mura, ina kuma tsoron ki ƙi zuwa gaba ɗaya ya zama ni na raba shi da ke. Ban san wanne ya fi ba ni tsoro ba. Ko zagi ne ki rubuto.

’Yarki

Litinin, sha ɗaya ga wata

Uwata,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, in ban da hannun hagu da ya yi tsami kamar an doke ni da muciya, kuma alhakinsa yana wuyanki.

Layin da kika nema ban iya rubuta shi ba. Sau biyu ina ɗaukar biro. Na yi niyyar in share ki, in zo ranar sha biyar in ɗauke ki ke da kujerar in ajiye gefe.

Sai ranar Alhamis wata ƙaramar nas da nake koya wa aiki ta zo teburina, ta duba hagu da dama, ta rage murya ta ce, “Sista, don Allah a yi min irin naki.” Na ce irin nawa me? Ta ce, “Katin nan, ba sai an soka ba.” Ashe ta ga lokacin da nake cikewa. Kafin a tashi aiki mutum huɗu suka zo da wannan buƙata, har da wadda ke kula da gado na tara, inda wani tsoho yake kwance da huhu irin na Baba. Suna murmushi, wai sun samu uwa. Na kalle su, na ji kamar in nutse.

Jiya da safe na je wurin shugabarmu na faɗa mata abin da na yi. Ta ba ni takardar gargaɗi, ta farko a shekara ashirin da uku. Daga nan na wuce ɗakin shan shayi lokacin da ya cika, na naɗe hannun riga, na miƙa wa yarinyar nan sirinji na ce, “Soka, kuma in kika karkace sai kin maimaita aji.” Ta soka. Ita ta cike katin, ga shi nan, rubutu kamar kaza ta bi ta kan tawada. Sannan na ce su huɗun su yi layi. Uku sun yi. Ta huɗun ta ce sai ta yi shawara, ina nan ina jiran ta.

Yanzu abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Bara ba iskar mota ba ce. Tun a hanya nake jin sanyi a ƙashina. Na haɗiyi ƙwaya biyu a tasha don kada Baba ya gane, na ce ai mura ce, ni da ita mun saba. Kwana goma sha ɗayan nan a kan kujerar roba, ni ma ƙirgen nake yi. Ba allurar nake ƙi ba, Uwata. In na yarda tana da amfani bana, to na yarda da na yi ta bara wataƙila da bai sha wannan wahala ba. Wannan ne na kasa haɗiyewa.

Hutuna ba ya ɗaguwa, an riga an tsara na kowa. Zai fara sha biyar, amma mako biyun allurar sai ashirin da huɗu zai cika. Zan zauna a ɗakina ina kallon bango kwana tara, in zo muku da kwana biyar ɗin da suka rage. Kada ki ɗauka kin ci ni da yaƙi. Har gobe ina ganin likitanku mai dariya ya cika iyayi.

Ki karanta wa Baba wannan duka. Kada ki tsallake ko layi ɗaya.

Goggonki

Laraba

Goggona,

Assalamu alaikum. Sannu da hannu. Malamarmu ta ce ki riƙa motsa shi, amma na san kin sani.

Na karanta masa duka, a tsaye. Har wurin ƙwaya biyu a tasha ban tsallake ba. Ya saurara har na gama. Sai ya jawo aljihun tebur ya fito da katin farko, ya maƙala gilashinsa na gyaran agogo a ido, ya nuna min da tsinken aikinsa ya ce, “Kin ga wannan ɗamarar? Ni na koya mata, tana ’yar shekara shida, don kada bakwai ya yi kama da ɗaya. Tun ranar da kika yi yaji na duba shi.” Na ce to me ya sa bai yi magana ba? Ya ce, “Mata biyu suna faɗa a kaina, in sa baki in ɓata?”

Sannan ya cire gilashin ya ce in rubuta miki wannan yadda ya faɗa: “Ki gaya mata bara da take yanke min farce na ji hannunta zafi kamar dutsen guga. Na sani. Na yi shiru ne don kada a ce ta koma wani ɗaki, ni kuwa shekara guda ina jiran ta. In laifi ne, rabi nawa ne, ta bar min kayana.”

Goggo, na yi kuka, amma na gaya masa shi ma bana ba zan yarda da irin wannan shirun ba. Ya ce ya ji, ya shiga uku da jarababbiyar mata.

Ya zagaye ashirin da huɗu a kalanda da jan biro. Ya ce kwana biyar ɗin sun ishe shi in dai ba a asibiti za a yi su ba. Baba ya karanta wasiƙarki shi ma, kuma da kansa ya ɗauke kujerar daga bakin ƙofa ya mayar falo.

Ranar ashirin da huɗu ni zan tarbe ki a tasha, da agogonki a hannuna. Kafin in karɓi jakarki zan taɓa goshinki. Ki yi faɗanki a mota tun yanzu ki gama, don sai na taɓa.

’Yarki